Sunaye Tara da Na Rubuta

Yarinya ce 'yar shekara takwas ta tsayar da ni. Ina koyar da ajin yara a makarantar Lahadi, darasinmu na ranar kuwa labarin Zakka ne a Luka sura 19. Labari ne da na sani kamar yunwar cikina: gajeren mutum, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya hau itace don ya hangi Yesu, Yesu ya ɗaga kai ya kira shi da sunansa, ya ce ya yi maza ya sauko, yau a gidansa zai sauka. Na kai inda Zakka ya miƙe tsaye ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, duk wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to yaya aka yi ya tuna da su duka? Rubuta sunayensu ya yi?"

Na ba ta amsa, amma har yau ban san me na ce mata ba. Ina tsaye da alli a hannu gabana ya faɗi, domin nawa sunayen ne suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Na farkonsu na wani saurayi ne da na shekara biyu ina ƙoƙarin mance fuskarsa.

Bari in faɗi abin da na yi ba tare da kwaskwarima ba. Shekara shida ina riƙe da sito a wurin aikina. Idan mota ta kawo kaya ni ke ƙirgawa, ni ke sa hannu a takardar karɓa. Muka haɗa baki da wani mai kawo mana kaya: a sauke katan 90, in sa hannu a kan 100, ƙarshen wata ya ba ni kasona. Da masu binciken lissafi suka zo suka ga giɓi, aka tara mu ana tambaya. Ina da mataimaki, yaro mai ladabi, bai daɗe da cika shekara guda a aikin ba. Aka tambaye ni wa ke kulle sito da yamma, na ce shi ne. Gaskiya ce, shi ke kullewa. Da wannan gaskiyar na yanka shi. Ranar da aka sallame shi ya tsaya a bakin ƙofa da 'yar jakarsa ya ce, "Oga, kai dai ka san halina." Na sunkuyar da kai na ci gaba da rubutu.

Kada wani ya zaci na bar ibada a shekarun nan. Ko Lahadi ɗaya ban fasa zuwa sujada ba. Ina fitar da ushiri har daga cikin kuɗin nan, a raina ina ganin kamar hakan na rage masa dauɗa. Kowane dare ina tara iyalina mu yi addu'a, in ce, "Ya Ubangiji, ka gafarta mana dukan zunubanmu," a dunƙule, kamar mai miƙa ƙullin kaya yana fatan kada a kwance a gabansa.

Mako uku na yi ina saƙa da warwara kafin na je wurin wani dattijo a ikilisiyarmu, wanda kowa ke kira Baba. Shi na zaɓa saboda ban taɓa jin asirin wani ya fito daga bakinsa ba. Na faɗa masa komai ina kallon ƙasa. Da na gama ya yi shiru har na fara jin bugun agogon bango. Sannan ya ce, "Ɗana, me ka zo nema? In addu'ar da za ta sanyaya maka zuciya ka koma gida ka yi barci kake so, zan iya yi maka yanzu. In kuwa bin Yesu kake so, akwai lissafi a gabanka."

Ya buɗe Luka 14, ya sa ni karantawa daga aya ta 25. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne lokacin da Yesu ya yi wannan magana. Taro mai yawa na biye da shi, a nan ne ya juyo ya ce musu wanda bai ɗauki gicciyensa ya bi shi ba, ba zai iya zama almajirinsa ba. Bai sassauta harshe don kada jama'a su watse ba. Ya kawo misalin mai son gina hasumiya, da na sarki mai soja 10,000 da zai tari mai 20,000. Su biyun abu ɗaya aka ce su fara yi: su zauna tukuna su auna. Baba ya ɗora yatsa a wurin ya ce, "Kai ma'aikacin sito ne, ƙirga sana'arka ce. Je ka zauna." Ya miƙo mini sabon littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya ce in raba shafi gida uku: sunan mutum, abin da na yi masa, abin da zan mayar. Ya kuma ja mini kunne kada in rubuta "kuskure" ko "rauni" a ko'ina. In sata ce, in rubuta sata.

Kwana goma sha biyu na ɗauka. Na ɗauka sunaye biyu ko uku zan samu, sai ga tara. Akwai abokin aikin da na ɓata wa suna a bayan idonsa don a ba ni muƙamin da ake shirin ba shi. Akwai ƙanena, wanda na danne wa wani abu daga cikin abin da mahaifinmu ya bari. Akwai wani tsoho, aminin mahaifina, da ya ba ni rance na ƙarasa karatu, babu takarda babu shaida, shekara goma sha ɗaya ina gaishe shi da fara'a ban taɓa ɗaga maganar ba, shi ma don kunya bai taɓa tambaya ba. Rubutu da hannu yana da wani abu da tunani ba shi da shi. Abin da na daɗe ina kira "harka" a zuciyata, da na gan shi da tawada a gaban sunan mutum, sai ya koma abin da yake tun asali.

Da na koma, Baba ya nuna mini Littafin Firistoci sura 6. Dokar na maganar wanda ya ci amana, ko ya yi ƙwace, ko ya tsinci abu ya musa. Ta ce ya mayar da abin cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya ba mai shi a ranar da zai kawo hadayarsa ta laifi. Tun farkon surar ma an ce wanda ya cuci maƙwabcinsa haka, Ubangiji ya yi wa rashin aminci. A Matiyu 5:23 zuwa 24 kuma Yesu ya ce in kana gaban bagade da baikonka ka tuna ɗan'uwanka na da magana a kanka, ka ajiye baikon a nan, ka je ku shirya tukuna.

A nan na yi gardama, kuma da gaske nake. Na ce, "Baba, ai mu ba a ƙarƙashin shari'a muke ba. Ta alheri aka cece mu. In sai na biya za a gafarta mini, me mutuwar Yesu ta yi?" Bai ji haushi ba. Ya ce in koma labarin da na koya wa yara in duba wane ne ya fara. Yesu ne ya fara kiran Zakka, ya shiga gidansa tun bai mayar da ko ƙwandala ba. "Kuɗinka ba zai sayi gafara ba, ɗana," in ji shi. "Jinin Yesu ke tsarkakewa, haka Yahaya ya rubuta a wasiƙarsa ta fari. Amma wanda aka yi wa wanka ba ya mayar da rigar sata jikinsa ya ce shi tsarkakakke ne. Rigar ta mai ita ce." Ban sami abin cewa ba. Har yau ina ganin yawancinmu a nan muke maƙalewa: muna son alherin da zai shafe laifi a sama, ya bar mana ribar laifin a ƙasa.

Na fara da masu sauƙi. Abokin aikina ya yi mamaki, ya ce ya yafe. Ƙanena ya yi kuka, ni ma na yi. Cikin wata guda na soke layi huɗu, na ji kamar an sauke mini dutse. Daga nan kuma na tsaya cak.

Wata huɗu na yi ban sake motsi ba. Kowace Asabar Baba zai kira ni a waya, bayan gaisuwa ya ce, "Layi nawa ka soke?" Ni kuma in ce, "Ba yau ba, Baba, ina dai shiri." Dalilaina masu kyau ne a kunne: bari a biya kuɗin makarantar yara, bari in sami wani aikin kafin in yi magana, bari uwargida ta ji sauƙin ciwon da take fama da shi. A cikin watannin nan ne ma aka gayyace ni in yi wa matasa jawabi a kan tsadar bin Almasihu. Na ba su labarin Polikab, bishop na Simirna, wanda ya ce shekara 86 yana bauta wa Almasihu bai taɓa cutarsa ba, ya ƙi musunsa har aka kashe shi. Na ba su na Ditrik Bonhofa, faston nan ɗan Jamus na zamanin mulkin Hitler, da ya isa Amurka a 1939, inda babu abin da zai taɓa shi, amma cikin 'yan makonni ya koma ƙasarsa. Aka kama shi a 1943, aka rataye shi ran 9 ga Afrilu 1945 yana da shekara 39. Matasa suka yi tsit, wasu na share hawaye. Ni kuwa littafina na cikin jaka a ƙarƙashin kujera. Ina ƙaunar labarin shahidai domin ba ya cin mini komai. Gicciyen da ke nesa kowa na iya yaba shi. Nawa ɗan ƙarami ne, ƙofar ofis ce kawai zan ƙwanƙwasa, na kasa.

Wata Asabar Baba bai tambaye ni layi ba. Ya ce in karanta Ayyukan Manzanni 24 in kira shi. Labarin gwamna Filikus ne a Kaisariya. Bulus na yi masa maganar adalci da kamunkai da hukunci mai zuwa, tsoro ya kama shi, ya ce wa Bulus ya tafi tukuna, in ya sami zarafi zai kira shi. Ya kuwa riƙa kiransa suna hira, yana sa ran a ba shi cin hanci, har shekara biyu ta cika aka canja shi, ya bar Bulus a tsare. Mutumin ya ji tsoron Allah na gaske, ya kuma ci gaba da sauraron wa'azi. Abin da ya rasa rana ce kawai. Na karanta, jikina ya yi sanyi, amma ban kira Baba ba.

Kwana tara bayan haka aka yi mini waya cewa tsohon nan, aminin mahaifina, ya rasu.

Kuɗinsa na ajiye a asusuna tun wata uku, har da ƙarin kashi ɗaya cikin biyar. Abin da ya hana ni kai masa kunya ce kawai, kunyar in zauna a gabansa in ce na san da bashin duk shekarun nan. Littafin Ƙidaya sura 5 ya yi tanadin irin wannan: in wanda aka cuta ba ya nan, a ba danginsa na kusa. Bayan an yi jana'iza da kwana kaɗan na kai wa babbar 'yarsa. Ba ta san da bashin ba. Ta riƙe ambulan ɗin ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, ba da faɗa ba, a jinyarsa ta ƙarshe sun yi kwana biyar suna neman kuɗin wani magani. Ban ce kuɗina zai raya shi ba, rai na Allah ne. Amma a kwana biyar ɗin nan haƙƙinsa na hannuna, ni kuma ina cewa ba yau ba. Na soke layinsa, sai dai ban taɓa jin muryarsa ya ce ya yafe ba, kuma ba zan ji ba a duniyar nan.

A daren na faɗa wa matata komai. Wannan ya fi mini duk sauran wuya. Tana ninke kayan yara a bakin gado, ta tsaya da 'yar riga a hannu har na gama. Tambayarta ta farko ita ce, "Motar nan da kuɗin satar aka saya?" Na ce wani sashi. "Kuɗin makarantar yara fa?" Na ce wani lokaci. Ta ce, "Baban yara, da wane baki kake sa mana albarka kowane dare?" Kwana shida ba ta yi mini magana ba sai abin da ya zama dole. A na bakwai ta zauna kusa da ni da biro ta ce in kawo littafin. Ita ce ta ce a sayar da motar da filin da muka yi shekaru muna tanadinsa. Ta kuma ce kada in ƙara cewa ina jira ne saboda ciwonta, ba ta yarda a jingina mata wannan ba.

Kafin in je ofis na nemi shawarar lauya, domin Baba ya gaya mini ƙarara cewa ana iya miƙa ni ga 'yan sanda, kuma in shirya wa hakan. Na kuma je wurin mai kawo kayan na shaida masa abin da zan yi, don kada ya ji a sama. Ya roƙe ni, ya zage ni, ya yi barazana. Na ce masa laifina zan faɗa, amma in an tambaye ni da wa na yi, ba zan yi ƙarya ba.

Ran Litinin na shiga wurin shugaban wurin aikinmu da takarda mai shafi uku: kwanan wata, yawan kaya, abin da na karɓa, duka. Na ce, "Yallaɓai, giɓin nan na shekara biyu da suka wuce, ni ne. Yaron da aka kora bai san komai ba." Ya karanta har ƙarshe bai ɗago ba. Abin da ya biyo baya ba sai na ja shi ba. An sallame ni a makon, kuma sun yi daidai. Sun karɓi abin da na kawo, muka rubuta yarjejeniyar biyan sauran wata-wata, ba su kai ni kotu ba, ko da yake suna da ikon yi. Abu ɗaya na roƙa, aka kuwa ba ni: wasiƙa da hatimi mai wanke sunan yaron.

Majalisar dattawan ikilisiya ta sa ni a horo na wata shida. Na ajiye koyarwa, na daina cin jibin Ubangiji. Ranar da ake raba gurasa da ƙoƙo, tire zai zo layinmu, in karɓa in miƙa wa na kusa da ni hannuna wofi. Na ɗauka da na gama faɗin gaskiya zuciyata za ta zama fara fat. Ba haka ya zama ba. Zaman gida babu aiki ya tono abubuwan da ban san suna ciki ba: haushin waɗanda suka daina gaishe ni, hassadar waɗanda na san sun yi irin nawa suna nan suna walwala, da wani girman kai sabo fil, wai ni ne jarumin da ya yi abin da wasu suka kasa. Da na kai wa Baba wannan ƙara, ya buɗe Malakai 3, inda aka kwatanta Ubangiji da mai tace azurfa da ya zauna yana tsarkake 'ya'yan Lawi, wato masu hidima a Haikali, ba baƙi ba. Azurfa ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 962 a ma'aunin Celsius, kuma sai ta narke dattin da ke cikinta ke tasowa sama a kwashe. Baba ya ce, "Dattin da kake gani ba wutar ce ta kawo shi ba. Yana nan tun da. Kada ka tsorata da ya taso, ka dai bari a kwashe." Ya sa ni karanta Zabura 51 kowace safiya har horon ya ƙare, addu'ar Dawuda bayan annabi Natan ya fuskance shi. Na lura Dawuda bai roƙi a gyara masa tsohuwar zuciya ba, cewa ya yi a halitta masa mai tsabta.

Saura suna na farko. Na sha wuya kafin na gano inda yake, domin ya bar unguwarsu ya canja lamba. Na same shi yana dakon kaya a wata ma'ajiya, ya rame, gumi ya jiƙa masa riga. Da ya gan ni ya sauke buhun da ke kansa a hankali. Na ce, "Ina neman minti biyar." Muka koma gefe. Na faɗa masa abin da na yi, da bakina, ban rage ba, na miƙa masa wasiƙar. Ya karanta sau biyu. Sannan ya ba ni nasa lissafin, wanda babu shi a littafina. Duk inda ya nemi aikin ofis, da an tuntuɓi tsohon wurin aikinsa magana ta mutu. Yarinyar da zai aura, iyayenta sun janye da suka ji an kore shi a kan sata, ta auri wani. Mahaifiyarsa ta daina fita cikin mutane. Yana faɗa muryarsa ba ta ko rawa.

A gida na uku na shafin, gaban sunansa, na rubuta albashinsa na duk watannin da ya rasa. Ina tsaye a gabansa na ga ƙanƙantar abin da na rubuta. Me zan ninka sau huɗu a nan?

Na durƙusa a kan siminti, abokan aikinsa na kallo, na ce, "Don Allah ka yafe mini." Ya ninke wasiƙar gida huɗu ya sa a aljihun gaba, ya danna ta da tafin hannu. Ya dube ni ya ce, "Oga, ba yau ba." Ya koma ya ɗauki buhunsa.

Shekara guda da wata biyu ke nan. Horo ya ƙare, na sami wani ɗan aiki, na gaya musu tarihina tun ranar ganawa. Shi ma wasiƙar ta taimaka masa, yanzu yana riƙe da lissafi a wani wuri. Kowane ƙarshen wata ina kai masa abin da na ɗauka wa kaina, da ƙafata, ba ta banki ba. Yana karɓa, ya ƙirga, ya sa hannu a littafin. A watan jiya ya jawo kujera ya ce in zauna rana ta yi sanyi kafin in tafi. Mun zauna kamar minti goma, ya tambaye ni lafiyar yara, na tambaye shi ta mahaifiyarsa. Ban sake ɗaga maganar yafiya ba, shi ma bai ɗaga ba. Layi takwas na soke. Ran 30 ga wata zan koma.